Shekarar doki ba ta fara ran 1 ga Janairu ba

Mutane da yawa kan duba shekarar haihuwarsu a jadawalin dabbobi 12 na Sinawa, daga ɓera zuwa alade, su ce shi ke nan, sun gano dabbarsu. Ga wanda aka haifa a Janairu ko farkon Fabrairu, sau da yawa lissafin ya karkace.

Sabuwar shekarar Sin ba ta bin kalandar Miladiyya. Tana kamawa ne da sabon wata, tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Shekarar doki ta 2026 sai ran 17 ga Fabrairu ta shiga, don haka jaririn da aka haifa a Beijing ran 10 ga Janairu ɗan shekarar maciji ne, ko da takardar haihuwarsa ta ce 2026.

Kuma kada a ɗauka irin kalandar Hijira ce, wadda azumi ke zagayawa cikinta daga sanyi zuwa zafi. Sinawa kan ƙara wata na 13 sau bakwai cikin shekara 19, shi ya sa bikin nasu, da jajayen ambulan na kuɗi da ake miƙa wa yara, kullum a ƙarshen hunturu yake faɗowa.