Siriyal kila: ba duk mai kisa ba ne fa

Jiya da la'asar ina cikin keke napep daga Ƙofar Ƙaura, direba ya ƙure rediyo, sai na ji mai gabatarwa yana cewa wai 'yan bindigan da suka shiga wani ƙauye ta wajen Batsari "siriyal kila" ne. Haba malam! Tunda kalmar nan ta Turanci (serial killer) ta shigo gari duk wanda ya yi kisa sai a liƙa mishi ita, har 'yan siyasa sun fara jifan juna da ita a soshiyal midiya.

Siriyal ɗin nan ita ce dai ta siriyal lamba da ke jikin takardar naira, abu yana bin abu a jere. Ko ka ce fim mai dogon zango, a nuna kashi ɗaya yau sai kuma wani sati. To haka mutumin yake, ya kashe ɗaya, ya koma gida ya ci tuwo ya tafi aiki, a yi wata ko shekara shiru, sannan ya sake. Wannan hutun na tsakani shi ne maganar gaba ɗaya. A taron da hukumar FBI ta Amurka ta yi a 2005 sun ce ko mutum biyu ne ya isa, in dai a lokuta daban-daban aka kashe su. Wanda ya buɗe wuta ya zubar da mutum ashirin a dare ɗaya wannan kisan kiyashi ne, muna da kalmarmu tun kaka da kakanni, ban san me ya kai mu aro ba.

Ɗan bindiga kowa ya san ɗan bindiga ne, yana daji, yana neman kuɗin fansa da shanu, har bidiyo yake yi. Shi kuwa siriyal kila maƙwabcinka ne.

Duba John Wayne Gacy na wajen Chicago. Ɗan kwangila ne mai ɗaukar samari aiki, yana harkar jam'iyya a unguwa, yana shafa fenti a fuska ya yi wa yara wasan barkwanci kamar ɗan kama, har hoto ya ɗauka da matar shugaban Amurka Carter a 1978, ka ji fa. Daga 1972 zuwa 1978 ya kashe yara maza da samari 33, yawanci da romon zai ba su aiki ko kuɗi yake jawo su, 26 daga ciki a ƙarƙashin daɓen gidanshi ya turbuɗe su, baƙi suna zuwa suna jin wari yana ce musu danshi ne. Sai da wani yaro ɗan shekara 15 ya ce wa mahaifiyarshi bari ya je ya ga wani ɗan kwangila kan maganar aiki, bai dawo ba, sannan 'yan sanda suka bi sawu a Disamba 1978. Kotu ta kama shi da laifi a 1980, aka yi mishi allurar mutuwa a 1994.

Cikin yaran nan akwai waɗanda har yau ba a gano ko 'ya'yan waye ba.