Wa Ya Yi Me? Tambayoyi da Amsoshi Kan Rubuta Rawar Kowane Mai Bincike a Shafinsa na ORCID

Maƙalar bincike takan fito da sunaye takwas ko goma a jere a ƙarƙashin take. Mai karatu ba ya iya gane wanda ya kawo tunanin, da wanda ya kwana a ɗakin gwaje-gwaje, da wanda ya bi ƙauyuka yana tambayar mutane, da wanda aka sa sunansa don girmamawa kawai. Shekaru kaɗan ke nan da aka samar da hanyar rubuta aikin kowa dalla-dalla mai suna CRediT, kuma a manna shi a shafin mutum na ORCID. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Mene ne ORCID ɗin tukuna?

Lambar shaida ce ta mai bincike, mai alƙaluma 16 da aka kasa gida huɗu, wani lokaci harafin X ne yake zuwa a ƙarshe. Ƙungiya ce da ba ta neman riba take bayar da ita tun watan Oktoba na 2012, kuma kyauta ce ga duk wanda ya yi rajista. Lambar tana tare da wani shafi a intanet inda ake jera inda mutum ya yi karatu, da inda yake aiki, da abin da ya wallafa.

Amfaninta a wurinmu a fili yake. Mutum ɗaya za ka ga an rubuta shi Muhammad a wannan mujalla, Mohammed a waccan, idan kuma a Nijar ya yi karatu ka tarar da Mahamadou. Ga masu suna iri ɗaya birjik a jami'a guda. Mace kuma ta yi aure ta sauya suna, sai maƙalunta su rabu biyu kamar na mutum biyu. Lambar ita ba ta sauyawa ko da suna ya sauya.

CRediT kuma fa, da ake yawan haɗa su?

Shi jerin rawa ne guda 14 da aka amince a riƙa amfani da su wajen bayyana abin da kowa ya yi a cikin bincike. Tushensa wani taro ne da Jami'ar Harvard da gidauniyar Wellcome ta Birtaniya suka shirya a 2012. A 2014 aka bayyana jerin a mujallar Nature, mawallafa irin su Cell Press da PLOS suka fara karɓarsa, daga baya Elsevier ya shigar da shi cikin ɗimbin mujallunsa. A 2022 hukumar NISO ta Amurka ta mayar da shi ƙa'ida a hukumance.

Rawar su ne: ƙirƙiro tunanin binciken, tsara hanyar da za a bi, gudanar da gwaji ko tattaro bayanai, tace bayanan da adana su, nazarinsu ta hanyar lissafi da ƙididdiga, rubuta manhajar kwamfuta, tabbatar da cewa sakamakon zai maimaitu, zana jadawali da hotunan bayani, samar da kayan aiki, nemo kuɗi, gudanar da harkokin aikin, sa ido da jagoranci, rubuta daftarin farko, sai bitar rubutun da gyara shi. Mutum ɗaya yana iya ɗaukar rawa biyar, rawa ɗaya kuma mutum uku suna iya raba ta. Wasu mujallun har sukan bari a nuna ko mutum shi ya jagoranci rawar, ko daidai suka yi da wani, ko taimakawa ya yi.

Jerin sunayen marubuta bai wadatar ba ne?

Bai wadatar ba, domin kowane fanni da al'adarsa. A likitanci da ilimin halittu, sunan farko na wanda ya fi shan wahalar aikin ne, na ƙarshe kuma na shugaban ɗakin gwaji. A lissafi da tattalin arziki galibi bisa jerin haruffa ake tsara sunaye, don haka wanda sunansa ya fara da A kullum yana gaba, ko da aikinsa bai kai na mai Z ba. Waɗanda ke tsakiya kuwa, babu mai iya cewa ga abin da suka yi.

Abin ya ƙara rikicewa da binciken ya zama na taron jama'a. A 2015 masana ilimin fiziks na cibiyar CERN da ke kan iyakar Siwizalan da Faransa suka wallafa maƙala a kan nauyin ƙwayar Higgs mai marubuta 5,154. Shafukan da sunayen suka cinye sun ninka na binciken kansa. Tun 1997 ma Drummond Rennie, mataimakin editan mujallar likitanci ta JAMA a lokacin, da abokan aikinsa suka yi kira da a riƙa faɗin gudunmawar kowa maimakon a tsaya ga kalmar marubuci. CRediT wannan kiran ne aka yi wa tsari yadda kwamfuta ma za ta iya karantawa.

Ta yaya rawar take isa shafin mutum?

Hanya biyu ce. Ta farko, lokacin tura maƙala mujalla takan nemi kowane marubuci ya haɗa lambarsa ta ORCID, sannan a zaɓa wa kowa rawarsa. Tun 2021 ORCID ya buɗe ƙofar da mawallafa da jami'o'in da ke cikin ƙungiyar za su iya aika wannan bayani tare da maƙalar zuwa shafin marubuci, muddin ya ba su izini. Ta biyu, mutum ya shigar da aikin da hannunsa ya zaɓi rawar da ya taka.

Akwai bambanci tsakaninsu. A ƙarƙashin kowane aiki ORCID yana nuna wanda ya shigar da shi. Bayanin da ya zo daga mawallafi ya fi nauyi a idon mai tantancewa, domin shaida ce daga waje, wanda ka sa da kanka kuwa kai ne kake yi wa kanka shaida. Wani abin lura kuma, ba duk mujallar da ta karɓi rawa ce take aika ta ba. Sau da yawa maƙalar za ta bayyana a shafinka amma rawar ta tsaya a cikin rubutun mujallar. Sai ka riƙa leƙawa, kada ka ɗauka komai yana tafiya da kansa. Kai ne kuma kake da ikon barin kowa ya ga bayanin, ko amintattu kaɗai, ko kai kaɗai.

Wa yake yanke hukuncin rawar kowa? Idan aka yi ƙarya fa?

A nan gizo yake saƙa. Yawanci marubucin da yake mu'amala da mujallar shi yake cike gurbin kowa, ana kuma sa ran duk sauran sun gani sun yarda. Edita ba ya zuwa ɗakin gwajinku ya duba. Don haka babban malamin da bai taɓa buɗe aikin ba yana iya samun "sa ido" da "bitar rubutu" a gaban sunansa, ɗalibi kuwa ba zai iya buɗe baki ba, tunda shi ne zai sa masa hannu a kundin digiri.

Duk da haka ina ganin an samu ci gaba. Da can ana sa suna ne a yi shiru, a bar kaza cikin gashinta. Yanzu sai an rubuta ƙarara cewa wane shi ya yi nazarin alƙaluma, kuma maganar tana nan manne da lambarsa shekara da shekaru. Idan aka gano kuskure ko maguɗi a alƙaluman, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Mutum yakan yi tunani sau biyu kafin ya karɓi rawar da za a tambaye shi a kanta wata rana.

Shawarar da na fi ba ɗalibai ita ce ta Bahaushe: tun ran gini, ran zane. A zauna da jerin nan na 14 tun kafin a fita fili, a rubuta wa zai yi me, a kuma dawo kansa idan aiki ya sauya hannu. Gardamar da ake yi daren da za a tura maƙala ita ce take raba abokai.

Duk wanda ya samu rawa ya zama marubuci ke nan?

A'a. CRediT bai ce komai ba a kan wanda ya cancanci shiga jerin marubuta, wannan hurumin mujalla ne. Mujallun likitanci da yawa suna bin sharuɗɗa huɗu na kwamitin editocinsu na duniya, ICMJE: mutum ya ba da gudunmawa mai tsoka wajen tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya shiga rubutu ko bita mai zurfi, ya amince da kwafin ƙarshe, ya kuma yarda ya ɗauki alhakin aikin. A wurinsu nemo kuɗi kaɗai ko shugabancin sashe kaɗai ba ya mai da mutum marubuci.

Me wannan zai yi wa waɗanda suke aikin fili a ƙasashenmu?

Wannan tambayar ita ta fi damuna. An daɗe ana kuka da irin binciken da masana daga Turai ko Amurka suke saukowa, a haɗa su da ma'aikatan lafiya da malamai na gida, waɗannan su nemi izinin mai unguwa, su shawo kan magidanta, su ɗebi jini, su cike takardun tambayoyi cikin rana da ƙura, sannan maƙala ta fito sunayensu na can ƙasa a sashen godiya, in ma an tuna da su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na san wata ma'aikaciyar jinya da ta yi wata da watanni tana tattara samfuri a wani aiki irin wannan, ba ta ma san an wallafa shi ba sai da wani ya tura mata a waya.

Jerin CRediT ya ba irin wannan wahala suna. Tattaro bayanai rawa ce cikakkiya, samar da samfuri rawa ce, tace bayanai rawa ce, kuma a jerin babu wadda aka ɗora a kan wata. Sharuɗɗan ICMJE ma sun ce duk wanda ya cika na farko a ba shi damar shiga rubutun, kada a hana shi sannan a ce bai rubuta ba. Mai aikin fili da ya san wannan yana da abin riƙewa idan ya zo neman haƙƙinsa.

Amma akwai giɓi. Babu fassara a cikin rawa 14 ɗin, babu kuma aikin shiga tsakanin masu bincike da al'umma. Wanda ya juya hirarraki ɗari daga Hausa ko Fulatanci ko Barbarci zuwa Turanci, ya zaɓi kalmar da sakamakon binciken gaba ɗaya zai dogara a kanta, sai dai a cusa shi ƙarƙashin tattaro bayanai. Inda mujalla ta bar fili don ƙarin bayani, ya kamata a rubuta aikinsa da sunansa a fili.

Masana harshe da adabi da tarihi fa?

Jerin daga fannin kimiyya ya fito, kuma ana ganin alamar hakan. Wanda ya rubuta maƙala shi kaɗai a kan waƙoƙin baka ba ya buƙatarsa sosai. Amma a aikin haɗin gwiwa, kamar tattara tsofaffin rubuce-rubucen ajami ko haɗa ƙamus, yana da amfani ko da bai yi daidai ɗari bisa ɗari ba.

Zai taimaka wajen ƙarin girma ko neman tallafi?

Wannan ya danganta da masu tantancewa. Inda kwamiti yake ƙirga maki bisa matsayin suna a jeri, rawar da ke shafinka ba za ta ƙara maka maki ba sai ranar da aka gyara ƙa'idar. Inda take yin tasiri tun yanzu shi ne wajen neman abokan aiki da gurbin bincike. Mai neman wanda ya iya ƙididdiga, idan ya buɗe shafinka ya ga maƙala shida duk kai ne mai nazarin alƙaluma, ya san abin da ke hannunka ko da sunanka na huɗu ne a kowacce.

Tsofaffin maƙalu da aka wallafa kafin wannan tsari fa?

Kana iya shigar da su da kanka ka zaɓi rawarka. Sai dai ka fara duba ko maƙalar tana da sashen da ya bayyana gudunmawar marubuta, ka tabbatar abin da za ka zaɓa bai saɓa masa ba. Idan babu sashen, tuntuɓi waɗanda kuka yi aikin tare kafin ka rubuta cewa kai ka ƙirƙiro tunanin, domin su ma suna da nasu shafin, kuma duk wanda ya so yana iya buɗe su biyun ya kwatanta.