Babur, maƙwabci da kamfani: tambayoyi da amsoshi kan abin da masu hawa ke faɗi a Katsina

Duk wanda ya saba zama a rumfar bakanike a Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa ya san hirar masu babur ba ta wuce abu uku: wane mashin ya fi, wane maƙwabci ne ya dame su da aro, da kuma inda farashi zai tsaya. Abubuwan nan uku a haɗe suke, kuma tambayoyin da ke biye za su nuna yadda suka haɗu.

Me ya sa gardamar Bajaj da Honda da TVS ba ta ƙarewa?

Saboda kowa bisa aikinsa yake magana. Ɗan acaɓa zai ce maka Boxer na kamfanin Bajaj, don kujerarsa doguwa ce, tana ɗaukar goyo da kaya, kuma idan ya lalace a Rimi ko a Batagarawa ba za ka rasa mai gyara ba. Ma'aikacin ofis da ke zuwa aiki ya dawo gida zai ce Honda, injin ba ya ƙara, bai cika neman bakanike ba. Mai TVS kuma zai ce nasa ya fi laushi a hanya mai gargada. Manomi da ke ɗora buhun gero biyu daga gona zai saurare su duka, sannan ya tambayi abu ɗaya: shokozoba za ta jure?

Akwai kuma son zuciya. Mutumin da ya sayar da rago ya haɗa da kuɗin adashi ya sayi mashin ba zai yarda a kushe masa shi a gaban jama'a ba, ko da a ransa ya san inda yake ba shi wahala.

Daga ina waɗannan babura suke zuwa?

Bajaj da TVS da Hero duk na Indiya ne. Hedikwatar Bajaj tana Pune, ta TVS tana Chennai. Honda na Japan ne, an kafa shi a 1948, kuma yana da masana'antar harhaɗa babura a Ota ta jihar Ogun tun 1979. Jincheng da Haojue da Lifan na Sin ne.

Manya za su tuna lokacin da Honda da Suzuki da Yamaha ne suka fi yawa a kan titi, babur kuma sai mai albashi ko ɗan kasuwa. Sai na Sin suka shigo da araha, Jincheng ta cika gari da hayaƙi, roba-roba ta zama abin hawan malaman makaranta da samari. Daga baya na Indiya suka zo da injin da ba ya shan mai sosai kuma yana jure aikin haya daga safe har dare, suka ƙwace kasuwar acaɓa. Shi kansa Honda sai da ya fito da samfurin Ace a 2011, mai sauƙin kuɗi, don ya dawo cikin gasar. Wato wanda ke kan gaba yau ya samu wani a wurin, ya ture shi.

To a gaskiya wanne ya fi?

A ganina sunan da ke jikin tanki shi ne abu na ƙarshe da ya kamata mai saye ya duba. Ka fara da shagon kayan gyara. Tambayi kuɗin kaca, fistin da ring, kuloci da fulogi, ka kuma tambaya ko ana samun na ainihi ko sai jabu. Sannan ka je wurin dillali ka ji nawa ake sayen na hannu bayan shekara biyu. Mashin da za ka iya sayarwa cikin yini ɗaya ranar da matarka ta haihu ko aka kwantar da mahaifinka a asibiti ya fi wanda ake yabo amma ba mai taya shi. Ga talaka babur ajiya ce, kamar yadda mutanen ƙauye ke ajiye ɗan maraƙi.

Araha ba ta ado, gaskiya ne. Amma na ga mai tsada da ya mutu da wuri don mai shi ba ya canza baƙin mai a kan lokaci, na kuma ga mai araha da ya daɗe a hannun mai kula.

Ina ruwan maƙwabci a maganar babur?

Ruwansa da tsaki. Babu allon talla da ke sayar da mashin kamar maƙwabci. Kai ne kake jin ƙarar tayar da mashin ɗinsa kullum da asuba, ka san ko bugu ɗaya yake tashi ko sai an tura. Kana ganin sau nawa yake jan sa zuwa wurin gyara. Gani ya kori ji. Shi ya sa za ka shiga wani lungu a Sabuwar Unguwa ka tarar kusan kowane zaure iri ɗaya ne a jingine: mutum ɗaya ya saya ya ji daɗi, saura suka bi.

Me masu babur suke ƙorafi a kai game da maƙwabta, me kuma ake ƙorafi a kansu?

Aro ne babba. Da magariba yaro zai yi sallama: "Baba ya ce a gaishe ka, wai ko za ka ara masa mashin ya kai Inna asibiti." Wannan babu mai imani da zai hana. Matsalar ita ce wanda ya mayar da aro al'ada, ya karɓa da mai rabin tanki ya dawo da shi a rizab, madubi ya karye, ya ajiye makulli ya ce an gode. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, abin da a da ake kawar da kai a kansa ya zama mai ɓata zumunci. Ga ɗan acaɓa da ke biyan balas kullum, sa'a biyu na aro kuɗin cefane ne ya tafi, amma kunya ba ta barinsa ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, aiki zan fita."

Su ma maƙwabtan suna da gaskiyarsu. Saurayi ya huda salansa yana shigowa lungu da tsakar dare, ga tsofaffi da jarirai da marasa lafiya. Wani ya yi gudu a inda yara ke wasa. Wani ya tsiyaye baƙin mai a ƙofar gidan mutane. Hadisi ya zo cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Mai aro da mai salansa duk wannan magana ta hau kansu. Ni dai ina ganin wanda ya ari mashin ya zuba mai kafin ya mayar, ko ba a tambaye shi ba, kuma in wani abu ya lalace ya faɗa da bakinsa.

Maƙwabtanmu na Nijar fa?

Mashin iri ɗaya ne ake hawa daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Daura ta Kongolam zuwa Damagaram. Duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023, 'yan kabu-kabu na ɓangarorin biyu ne ke fara jin jiki.

Shin matsalar tsaro ta taɓa kasuwar babur?

Ƙwarai. 'Yan bindiga a kan babura suke yawo, sai zargi ya shafi mai neman halalinsa. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana goyon mutum uku, ta dakatar da sayar da babura na hannu a kasuwar Charanchi, ta kuma hana sayar da fetur a jarka. Mutumin Batsari ko Safana da ba shi da wata hanyar kai mara lafiya gari sai mashin, shi ya fi kowa ɗanɗana wannan doka. Satar babur ma ta sa mutane suna shigar da nasu har tsakar gida, ko su roƙi maƙwabci mai ƙofar ƙarfe ya ajiye musu.

Yaya makomar kamfanonin take?

Najeriya na cikin manyan kasuwannin Bajaj a wajen Indiya, shi ya sa ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya taɓa cinikinsa kai tsaye. Bayan nan aka saki naira a watan Yuni don kasuwa ta yanke darajarta, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Yawancin sassan babur daga waje ake shigo da su, a harhaɗa a nan, don haka sabo a kwali ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi. Ga kuma dokoki: Kano ta hana acaɓa a 2013, Legas ta hana a wasu ƙananan hukumomi a 2020 da 2022.

Duk da haka buƙata ba ta gushe ba, domin tsadar mai ta sa har masu mota sun jingine ta sun koma babur. Kamfanonin kuma suna neman mafita: a Yulin 2024 Bajaj ya fito da Freedom 125 mai amfani da iskar gas a Indiya, kamfanin Spiro kuma yana yaɗa masu lantarki da ake musanya musu batir a ƙasashen Afirka, har da Najeriya. Mai hawa a Katsina zai tambaya inda zai cika gas ko ya canza batir a hanyar Daura ko Dutsinma, da kuma wanda zai gyara masa in ya tsaya. Kamfanin da ya horar da bakanikai a garuruwanmu, ya kawo kayan gyara na ainihi da rangwame, ya kuma yarda a riƙa biya kaɗan-kaɗan ba tare da ninka kuɗin ba, shi nake sa ran zai karɓe kasuwar acaɓa a nan gaba.