Lambar wucin gadi ta Jamus: shin da gaske an haramta tsallaka iyaka da ita?

Maganganu sun yi yawa a zaurukan WhatsApp na masu sayo motoci daga Turai, kowa da irin tasa fassarar. Wasu na cewa Jamus ta haramta fita daga ƙasarta da motar da ke ɗauke da lambar wucin gadi, kuma duk wanda aka kama a kan iyaka ya yi sallama da motarsa ke nan. Wasu kuma na cewa ai babu shinge tsakanin ƙasashen Turai, saboda haka lambar da ofishin gwamnatin Jamus ya manna wa hatimi za ta kai mutum duk inda ya nufa. Duka maganganun biyu kuskure ne, amma ta biyun ta fi ɓarna, domin ta farko tsoro kawai take sa wa, ita kuwa ta biyu tana iya jawo wa mutum tara da kwanan mota a hannun 'yan sanda alhali jirgin da ya biya wa kuɗi yana shirin tashi.

Tushen ruɗanin shi ne mutane na kiran abubuwa biyu daban da suna ɗaya. Akwai lambar gajeren lokaci da Jamusawa ke kira Kurzzeitkennzeichen, wadda ake ganewa da fili mai launin rawaya a gefen dama, inda aka buga ranar da za ta ƙare, kuma adadinta yana farawa da 03 ko 04. Akwai kuma lambar fitar da mota waje, Ausfuhrkennzeichen, wadda filinta na gefen dama ja ne. Dokar rajistar motoci ta Jamus, wadda aka sake wa fasali ta fara aiki a ranar 1 ga Satumba, 2023, ta ware wa kowace sashenta, sashe na 42 ga mai rawaya, sashe na 45 ga mai ja. Dokar ta shafi kowa, ɗan ƙasa da baƙo, mai sabuwar mota da mai tokunbo. Lambar dillalai mai jajayen haruffa da ke farawa da 06 kuwa ta masu sana'ar ce kaɗai, ba a ara wa mai saye ita ya yi tafiyarsa.

Mai rawaya kwana biyar kacal take yi, Asabar da Lahadi da ranakun hutu duk suna cikin lissafi, kuma ba a ƙara mata wa'adi. An yi ta ne don abu biyu, gwada mota da kuma kai ta daga wani wuri zuwa wani. Ba lambar zuwa kasuwa ba ce, ba ta ziyarar 'yan uwa ko ɗaukar kaya don kuɗi ba ce. Tun daga 1 ga Afrilu, 2015 ake ɗaure ta da mota guda da aka rubuta bayananta a takarda, kuma dole ne takardar gwajin lafiyar motar, wadda kowa ya fi sani da TÜV, ta kasance da sauran ranta. Idan takardar TÜV ɗin ta ƙare, tafiyar da aka yarje wa mutum ita ce zuwa wurin gwaji mafi kusa, a cikin gundumar da aka ba shi lambar ko wadda ke maƙwabtaka da ita. Sabuwar mota fil ba ta da wannan matsala, tunda sai bayan shekara uku ake yi mata gwajin farko, takardar shaidar inganci da kamfanin ƙera ta ya bayar ta wadatar.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Babu inda dokar Jamus ta ce kada a fita waje da mai rawaya. Sai dai lamba ce da Jamus ta ƙirƙira don hanyoyinta, kuma ikon dokarta yana ƙarewa a bakin iyakarta. Da zarar mota ta tsallaka, tambayar ta koma hannun ƙasar da aka shiga: ita ta yarda cewa wannan mota tana da rajista, ko ba ta yarda ba? Jamus na da yarjejeniya da Austiriya da Italiya da Denmak kan amincewa da irin waɗannan lambobi. Hukumar Tarayyar Turai ma ta fitar da bayani a 2007 wanda ke goyon bayan ƙasashen ƙungiyar su riƙa amincewa da lambobin wucin gadi na juna. To amma bayanin fassara daban, dokar da ɗan sandan da ya tsayar da kai yake aiki da ita daban. Ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta daɗe tana gargaɗin cewa an sha samun matsala a Beljiyam da Luksambak da Faransa.

Sunan Beljiyam a wannan jeri shi ne abin da ya kamata ya tsayar da hankalin 'yan kasuwarmu, domin tashar jiragen ruwa ta Antwerp da ke ƙasar na daga cikin manyan ƙofofin da motocin Turai ke bi zuwa Kwatano da Legas, har ta kai a Najeriya ana kiran motar da aka sayo daga waje da sunan ƙasar. Wanda ya sayi mota a birnin Kolon na Jamus, tafiyar awa biyu zuwa uku ce tsakaninsa da Antwerp, sai ya ga kamar ɓarnar kuɗi ce ya nemi lambar da ta fi tsada. Goma na iya wucewa lafiya, a tsayar da na sha ɗaya, kuma shaidar goman nan ba za ta yi masa amfanin komai ba a gaban jami'in da ke ganin motar ba ta da rajista.

Akwai wani kuskure da ke biye da wannan. Kamfanin inshora na iya ba mutum takardar da ke nuna cewa inshorarsa na aiki a wasu ƙasashen Turai, sai ya ɗauka izinin tuƙi ya samu. Takardar inshora alƙawarin biyan diyya ce idan an yi haɗari, ba ta tilasta wa wata ƙasa ta amince da lambar da ke jikin motar.

Mai ja ita aka yi don wannan tafiya. Rajista ce ta ainihi mai wa'adi, wadda ke iya kaiwa shekara guda gwargwadon tsawon inshorar da aka saya da sauran kwanakin TÜV, kuma ana iya haɗa ta da takardar rajista ta ƙasa da ƙasa. Ta fi wahalar samu, domin galibi sai an kai motar ofishin rajista an duba lambar da kamfani ya buga a jikinta, sannan tun daga 2010 ana biyan harajin mota a kanta. A lura kuma cewa ita kaɗai ba ta mayar wa kowa harajin sayen kaya (VAT) na kashi 19 cikin ɗari, wannan yana buƙatar shaidar kwastan cewa motar ta bar Tarayyar Turai.

Batun hukunci shi ne inda jita-jita ta fi yin shiru, alhali nan ne nauyin yake. Idan ranar da ke jikin lambar ta wuce, motar ta koma marar rajista, kuma inshorar da aka saya domin waɗannan kwanaki ta ƙare tare da ita. Tuƙi babu inshora a Jamus laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa, hukuncinsa tara ko ɗaurin da zai iya kaiwa shekara guda. Cire lambar daga motar da aka ba ta a ɗaura wa wata shi ma laifi ne mai zaman kansa. Mafi muni shi ne taɓa ranar da aka buga, ko da adadi ɗaya aka goge aka gyara, domin lambar da ke ɗauke da hatimin hukuma takardar shaida ce a idon doka, kuma jabun takarda na iya jawo ɗaurin shekara biyar a ƙarƙashin sashe na 267 na dokar manyan laifuka. Baƙon da ba shi da mazauni a ƙasar ana iya karɓar kuɗin jingina a hannunsa nan take kafin a bar shi ya tafi, kuma irin wannan tabo na iya tasowa ranar da ya sake neman biza.

Haka kuma ba a yarda mutum ya karɓi lambar Jamus ya sa a jaka, ya tafi Italiya ko Holan ya sayi mota, ya ɗaura mata ya tuƙo ba. Ƙasar da mota take ita ke da hakkin ba ta lamba, kuma Italiya ta yi suna wajen tsanani a kan wannan, har da ƙwace mota.

A ganina akwai abin da bai yi wa mai saye adalci ba a wannan tsari. Ofishin hukuma ne ya karɓi kuɗinsa ya ba shi lamba, dokar ƙasar ba ta hana shi fita ba, amma sai a bar shi ya gano da kansa, a bakin hanya, cewa maƙwabciyar ƙasa ba ta san da ita ba. Ƙasashen da suka iya cire shingayen iyakokinsu bai kamata ƙaramin abu irin wannan ya gagare su daidaitawa ba, kuma baƙon da bai iya Jamusanci ba shi ya fi shan wahalar wannan giɓi. Sai dai wannan ƙorafi ba uzuri ba ne ga mai goge rana ko mai yawo da lamba ɗaya a kan motoci uku, domin idan ya kaɗe wani da motar da ba ta da inshora, wanda bai ji ba bai gani ba ne zai fara ɗanɗana kuɗarsa.

Saboda haka wanda tafiyarsa ba za ta wuce cikin Jamus ba, kamar mai kai mota tashar Hambog ko Bremerhaven, mai rawaya ta ishe shi muddin ya isa kafin ranar ta cika. Wanda zai tuƙa zuwa Antwerp ya nemi mai ja. Motar da TÜV ɗinta ya ƙare kuma ba a da niyyar gyara ta a can, a ɗora ta a kan motar dakon motoci, tunda wadda tayarta ba ta taka kwalta ba doka ba ta neman lamba a jikinta.