Albashin 70,000: wa dokar ta hau kansa, wa ta tsallake?

Tun da aka ce mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000, wata magana ke yawo tsakanin masu shaguna da masu sana'ar hannu a Kaduna, daga Kasuwar Barci har Panteka: wai duk wanda ke da yaro ko guda a ƙarƙashinsa, in bai biya shi wannan kuɗi ba, gidan yari zai kwana. Tsoron ya kai wasu ga tunanin sallamar yaransu tun kafin hukuma ta ƙwanƙwasa musu ƙofa. Jama'a, ba haka dokar ta ce ba.

Dokar ta 2019 ce. Gyaran da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yulin 2024 ya ɗaga kuɗin daga 30,000 zuwa 70,000, ya kuma ce a riƙa sake duba shi duk bayan shekara 3 maimakon 5. Ta shafi ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni masu zaman kansu. Naira 72,000 da Gwamna Uba Sani ya amince da ita kuwa ta ma'aikatan gwamnatin jiha ce. Mai gidan burodi a Tudun Wada ba da ita za a auna shi ba.

Inda ake samun ruɗani shi ne sashen waɗanda aka keɓe. Dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Tela mai yara 6, mai shagon magani da ke da mutum 3 a kanta, makaniki da yaran gareji, duk ba su ciki. Haka wanda ake biya da kamasho, ko gwargwadon abin da ya yi, kamar ɗinki a biya ka kan kowace riga, da mai aikin rabin lokaci, da aikin da sai lokacinsa ya zo ake yi, irin na gona da damina.

To, wanda ke da ma'aikata 25 ko fiye ya ƙi biya fa? Hukuncin da aka ambata na kuɗi ne, ba ɗauri ba. In kotu ta same shi da laifi, akwai tara da ba ta wuce kashi 5 cikin 100 na albashin wata ba, sannan zai biya dukkan abin da ya tauye wa ma'aikatan, a ɗora masa ruwa bisa ma'aunin Babban Bankin Najeriya kan kowane watan da ya ci gaba da saɓawa. Kada a raina wannan. A ɗauka makarantar kuɗi ce mai ma'aikata 30, kowa na karɓar 40,000. Giɓin kowane mutum 30,000 ne, wato 900,000 a wata, miliyan 10.8 a shekara, tun ba a zo maganar ruwa ba. Kuma cewa "ai shi ya yarda da hakan ranar da na ɗauke shi" ba ta fitar da mutum, domin duk yarjejeniyar biyan ƙasa da abin da doka ta yanke, ga wanda ta shafa, ba ta da ƙarfi a gaban alƙali.

A gaskiya wannan iyaka ta 25 tana damuna. Na fahimci hikimarta, don mai shagon da cinikinsa bai taka kara ya karya ba, in ka ɗora masa 70,000 kan kowane yaro rufewa zai yi. Amma a dubi inda talakan garin nan ke aiki: gidajen abinci, ƙananan makarantu, masana'antun ruwan leda, shagunan kasuwa. Da yawansu ba su kai wannan adadi ba, alhali wasu masu su na samun ribar da za su iya biya. Wanda ya fi kowa buƙatar kariyar, shi aka bari a waje.

Sai dai mai ƙaramar sana'a kada ya ɗauka an sake masa mara gaba ɗaya. Dokar Ƙwadago daban ce, kuma ba ta ƙirga yawan ma'aikata. Ta ce cikin wata 3 da ɗaukar mutum aiki a ba shi takarda mai bayyana aikinsa da albashinsa da yadda za a rabu. Ta hana yanke albashi da sunan tara yadda maigida ya ga dama. Ko asara ma'aikaci ya jawo, sai da amincewar jami'in ƙwadago. Sallama ma da ƙa'idarta: sanarwar kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda bai kai shekara 2 ba, mako 2 in ya kai 2 amma bai cika 5 ba, wata guda daga shekara 5 zuwa sama, ko a biya shi kuɗin wannan lokaci. Shi ma ma'aikacin da zai ajiye aiki, wannan sanarwar ce a kansa.

Wanda aka tauye wa haƙƙi zai iya fara kai kuka ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kaduna ko wurin ƙungiyarsa. In sulhu ya ƙi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa na da reshe a nan cikin gari, kuma abin da za ta fara nema shi ne takardar ɗaukar aiki da shaidar abin da ake biyan mutum duk wata.