Ɗan sandan da ya yi ritaya a Ingila, in ya koma aiki, ina makomar fanshonsa?

A Ingila da Wales, ɗan sandan da ya shiga aiki ƙarƙashin tsarin fansho na 1987 yana iya ajiye kaki da zarar ya cika shekara 30 yana aiki. Wanda ya shiga yana ɗan shekara 20, zai fita yana da 50, da sauran ƙarfinsa. Shi ya sa rundunoni kan nemi irin waɗannan su dawo, ganin sun san aikin ciki da waje. Sai dai komawar tana da sharuɗɗa biyu, kuma na biyun ya fi cizo.

Na farko shi ne dakatar da fansho. Dokar 1987 ta ba hukumar fanshon 'yan sanda ikon riƙe fanshon mutum, duka ko wani ɓangare, muddin ya koma a matsayin cikakken ɗan sanda. Hujjar ita ce kada mutum ya ci albashi da fansho lokaci guda daga aljihun gwamnati kan aiki ɗaya. Kuɗin sallama da ya karɓa a dunƙule ranar ritaya nasa ne, ba a taɓa shi, kuma in ya sake barin aiki fanshon zai ci gaba da shigowa. Wanda ya koma a matsayin ma'aikacin farar hula, kamar mai amsa kiran gaggawa ko mai tsara takardun bincike, wannan sharaɗi bai shafe shi ba.

Na biyun na haraji ne. Daga 6 ga Afrilu 2010, mafi ƙarancin shekarun fara cin fansho a Birtaniya ya tashi daga 50 zuwa 55. An bar wa 'yan tsohon tsari damarsu ta fita kafin 55, amma damar tana iya suɓucewa. Wanda ya yi ritaya tsakanin shekara 50 da 55, in zai koma wa rundunar da ya bari, dole ya huta wata shida. Ana yarda da wata ɗaya kawai idan sabon aikin ya sha bamban da tsohon, ko kuma idan fanshon na cikin wanda za a iya dakatarwa.

A ɗauka mutum ya miƙa kakinsa ranar Juma'a, abokan aiki sun yi masa walima, ranar Litinin ya dawo ginin nan da kayan gida ya zauna a wani teburi. A wurinsa ba komai ba ne. A wurin hukumar haraji kuwa, abin da aka biya shi na fansho kafin ya kai 55 ya zama biyan da doka ba ta amince da shi ba, har da kuɗin sallamar. Harajin da ke hawa kansa kashi 40 ne cikin ɗari, wani lokaci a ƙara 15, ya zama 55.

Ni dai wannan yana damuna ƙwarai. Mutumin da ya yi shekara 30 yana kwana a titi bai kamata ya rasa rabin guminsa saboda ƙidayar kwanaki ba, alhali rundunar ce ta kira shi. Kafin ya sa hannu a takardar komawa, ya nemi ofishin fansho ya rubuta masa ranar da ritayarsa ta fara, ranar da zai iya dawowa, da nawa za a riƙe masa kowane wata.