NOX3: sinadarin da ke gina kunne, kuma yake iya kurmantar da shi

Mene ne NOX3?

Enzayim ne, wato sinadarin da ke hanzarta wani aiki a jiki, daga dangin NOX, su bakwai. Aikin yawancinsu ɗaukar iskar oksijin su mai da ita sufaroksid, wani nau'i mai zafi da ke cin abin da ya taɓa. Da ɗan'uwansa NOX2 fararen ƙwayoyin jini ke kashe ƙwayoyin cuta. Shi kuwa NOX3 can ƙuryar kunne ya tare, bayan dodon kunne. A 2004 masu bincike a Janeba suka nuna babu inda ya taru kamar nan.

To me ya kai abu mai ɓarna cikin kunne?

Gini ya kai shi. Kunne ba ji kawai yake yi ba, shi ke hana mutum tangaɗi. A cikinsa akwai ƴan mitsi-mitsin duwatsu, otokoniya, sinadarinsu ɗaya da farin dutsen da ake siminti da shi a Malbaza. In ka karkata kai sai su gangara, ƙwaƙwalwa ta gane ina ne sama, ina ne ƙasa. A 2004 ɗin dai aka gano ɓerayen da NOX3 ɗinsu ya lalace ba su da duwatsun sam. Kai a karkace suke yawo, in an sa su ruwa ba su iya iyo, amma jinsu lafiya lau.

Ina ɓarnar take?

A katantanwar kunne, inda ƙwayoyin ji masu gashi suke. Ƙara mai tsanani, tsufa da maganin cutar kansa mai suna sisfilatin duk suna sa sufaroksid ya yi yawa, ƙwayoyin su mutu. A jikin ɗan Adam kuwa ba su sake tsirowa. Wani bincike na Japan a 2021 ya nuna ɓerayen da aka cire wa NOX3 sun fi tsira da jinsu.

Ke nan akwai maganin toshe shi?

Tukuna, a dabbobi ake gwaji. Wanda ya tallata maka ƙwayar wanke kunne da wannan sunan, kuɗinka yake so.

Mutumin Yamai fa, me zai yi?

Maƙerin kasuwar Katako da ke wuni yana dukan tukunya, da mai injin niƙa, su sa abin toshe kunne. Auduga ba ta tare ƙara sosai. Wanda ake wa sisfilatin kuma, in kunnensa ya fara ƙugi, ya gaya wa likita tun kafin ƙarin ruwa na gaba. Kada ya yanke maganin da kansa.